Riƙe Mini Takwas Ɗina

Kun ce aikin masaƙa ba aiki ba ne, inji ke saƙa, mutum yana tsaye yana kallo. Na ji ku, kuma ban yi fushi ba. Akwai wani injiniya mai digiri da ya taɓa faɗin haka a kaina, har ya rubuta a takarda, saura ƙiris in rasa aikina saboda wannan magana. Zan gaya muku yadda aka yi, amma sai kun fara sanin abin da mai tsayuwar nan yake yi.

Na shiga masaƙa a Kakuri, cikin Kaduna, a farkon shekarun tamanin, ina haya a Makera. Ranar farko aka miƙa ni hannun Baba Tanimu, wani tsoho mutumin Zariya wanda ya yi saƙar hannu tun kafin ya taɓa ganin inji. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ciro zare biyu daga aljihu ya ce in ƙulla. Na yi masa irin ƙullin da ake ɗaure bakin buhu. Ya ɗaga shi sama yana nuna wa mutane, ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga kan akuya." Mako biyu cur na yi a kan benci a bakin ƙofa ina ƙulla zare, ban taɓa inji ba. Ƙullin masaƙi ƙarami ne, ba shi da wutsiya, dole ya bi ta idon ƙarfe ya wuce bai maƙale ba, kuma da yatsu uku ake yin sa. Ranar da ya karɓi ƙullina ya shafa bai kushe ba, na koma gida ina ji kamar an ba ni sarauta.

Kayan aikina gaba ɗaya aljihu ɗaya suke shiga: siririyar ƙugiya ta jawo zare, ƙaramin almakashi, guntun alli, sai audugar toshe kunne. Audugar nan ba ado ba ce. In injuna suka tashi gaba ɗaya, ko ihu ka yi a kunnen mutum ba zai ji ka ba. Saboda haka da hannu muke magana, da kallon leɓe. Har yau in matata tana gulmata daga can ƙarshen tsakar gida ina gane abin da take cewa, shi ya sa ta koma juya mini baya.

Kowane masaƙi injuna takwas yake riƙe da su, huɗu dama huɗu hagu, yana zagayawa a tsakani. Zaren tsaye dubbai ne a kan kowane inji, ƙoshiya kuma tana kai da komo da zaren kwance, da gudun da ido ba ya iya bi. A gefen inji akwai wani faranti mai juyawa da muke kira batir, a nan ake jera kwarkwaron zare, in na cikin ƙoshiya ya ƙare inji ya cafko sabo da kansa. To, wa ke cika batir? Kai ne. In zare ɗaya ya tsinke, akwai wani ɗan ƙarfe da ke rataye a jikinsa, sai ya faɗi, inji ya tsaya. Wa zai nemo zare ɗaya cikin dubbai, ya ƙulla, ya zura, ya tayar da inji ba tare da ya bar tabo ba? Kai ne. In kuma ƙurar auduga ta taru a kan ƙarafan nan, zare zai tsinke inji bai sani ba, ya yi ta saƙa yadi mai layi har sai ka gani. Masaƙin kirki ba ya jiran inji ya tsaya. Baya yake zagayawa yana shafa zare, ya gano mai rauni ya gyara tun bai iso gaba ba.

Akwai wata Hajiya dillaliyar yadi da ke sayen akoko da yawa tana kai wa masu rini da teloli na Tudun Wada. Ni ban taɓa magana da ita ba, amma na san hannunta. Ba ta yarda da hatimin kamfani. Sai ta sa a warware mata bandir a tsakar rana, ta ɗaga shi ga hasken rana, in ta ga layi ɗaya ta ce a mayar. Saboda irinta ne ake da ɗakin duba yadi, inda Madam Laraba take zaune da jan alli. Kowane yadi da lambar masaƙinsa a baki, in ta ga aibi sai ta zagaye wurin, ta aiko a kira ka. Ba ta faɗa, ba ta zagi. Tabarau kawai za ta sauke ta ce, "Malam, wannan ɗin za ka saya wa matarka?" Na gwammace foman ya zage ni sau goma da in ji wannan tambaya sau ɗaya.

Inji ba ya hutawa a lokacin, har Lahadi. Duti uku ne: na safe daga bakwai zuwa uku, na yamma, sai na dare. A takarda cewa aka yi kowa zai riƙa juyawa mako-mako. A zahiri kuwa foman ne mai alƙalami, kuma ranar Asabar da yamma yake manna jerin sunaye. Wanda ya iya gaisuwa da goro sai ya yi wata biyu a dutin safe. Wanda bai iya ba, ko sabon shiga, sai ya daɗe a na dare har 'ya'yansa su fara yi masa kallon baƙo. Wani lokaci ka tashi daga dutin dare da safe, a ce ka dawo da ƙarfe uku. Ba ka iya yi wa kowa alkawarin zuwa suna ko biki, domin ba ka san inda za a jefa ka ba. Mun sha ƙorafi, amma ƙorafin a wurin mai shayi yake ƙarewa.

Abu ɗaya ne muka tsara wa kanmu ba da izinin kowa ba, shi ne riƙo. Maƙwabcin layina sunansa Ishaya, mutumin wajen Kagoro, dogo, marar yawan magana. Ni ina kiransa Fasto, shi yana kirana Liman, alhali ni ko ladanci ban taɓa yi ba, shi ma a bencin baya yake zama a cocinsu. Duk makon da muke dutin safe, in Juma'a ta zo, wajen ɗaya saura sai in kalle shi in kama wuyan hannuna na hagu da na dama. Ma'anarsa, riƙe mini. Shi kuma sai ya ɗaga haɓa. In fita masallaci, ya haɗa takwas ɗina da nasa, goma sha shida, har in dawo wajen biyu da rabi. Ranar Lahadi kuma shi zai kama wuyan hannu da ƙarfe takwas, in riƙe masa har goma ya dawo daga sujada. Haka kowa yake da nasa abokin riƙo. Ba mu muka ƙirƙiro ba, mun tarar ana yi. Foman ya sani, mai gadin ƙofa ya sani, amma ba a rubuta ko'ina ba.

Sai dai riƙo yana da ƙa'idarsa, Baba Tanimu ne ya koya mini da zagi. Ba ka bar wa mutum inji haka nan ka tafi. Tun ƙarfe goma sha ɗaya za ka fara shiri. Ka cika batir takwas ɗin nan maƙil, wanda zai kai kusan awa biyu. Ka goge ƙurar da ke kan ƙarafan zare ɗaya bayan ɗaya. Ka bi baya ka warware duk zaren da ya harɗe, ka canza mai rauni. Ka shafa ƙoshiya, in akwai kaushi a jikinta ka kira makaniki tun da wuri. In akwai inji mai rigima ka yi masa alama da alli don abokinka ya sa masa ido. Awa biyun nan kafin tafiya sun fi sauran yinin wahala, da jiƙaƙƙiyar riga nake fita alwala. Wanda ya bar wa abokinsa batir rabi ya tafi ibada, mako mai zuwa zai kama wuyan hannunsa har ya gaji, ba wanda zai ɗaga masa haɓa.

Game da Ishaya kuwa, zan faɗa muku gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: ya fi ni. Ya fi kowa a ɗakin nan. Bai taɓa gudu ba, tafiya yake kamar mai zagaya gonarsa, amma kafin inji ya tsaya yana wurin. Shekara huɗu muna tare ban taɓa jin Madam Laraba ta aiko kiransa ba.

Sai mummunar shekara ta zo, lokacin da ake layin madara da sabulu da shinkafa. Auduga ta yi ƙaranci, kayan gyara ba sa shigowa daga waje. Makanikai suka fara kwance inji ɗaya don su gyara biyu. Maganar rage ma'aikata ta cika gari, kullum sai ka ji an sallami mutane a wata masaƙar. A cikin haka aka kawo wani matashin injiniya, yana zaune a Barnawa, yana zuwa da ƙaramar mota da farar riga. Agogo ne rataye a wuyansa da allo a hannu, yana auna minti nawa kowane aiki yake ci. Muka sa masa suna Mai Agogo.

Da ƙarfe ɗaya da rabi na wata Juma'a ya shigo ɓangarenmu. Bai san da riƙo ba, ba wanda ya gaya masa. Abin da ya gani shi ne rabin mutane ba sa nan, injuna kuma duk suna aiki. Ya tsaya a layin Ishaya da agogonsa minti arba'in. Injuna goma sha shida, mutum ɗaya, yana tafiya a natse, ba wanda ya tsaya fiye da ƙiftawar ido. Ishaya kuwa da ya ga baƙo yana kallo sai ya ƙara ƙwazo, don kada a ce layina, ni Haladu, yana da matsala. Niyyarsa ke nan, ya rufa mini asiri.

Bayan kwana biyar aka kira mu shida ofis, mu da muka fita ranar. Aka ce bincike ya nuna masaƙi ɗaya yana iya riƙe goma sha shida, saboda haka rabinmu sun yi yawa. Kuma tunda mu ne aka samu mun bar bakin aiki ba izini, da mu za a fara, ƙarshen wata. Na juya na kalli foman, na ce, "Oga, ai ka san da riƙo." Ya kalli silin ya ce shi bai taɓa jin wannan kalma ba. A lokacin ina da mata da 'ya'ya uku, mahaifiyata kuma tana wurina. Ba gona gare ni a Kaduna ba, ba wata sana'a, kuma ba masaƙar da ke ɗaukar mutum a shekarar.

Abin da ya biyo baya ya fi ba ni kunya. A wurin mai shayi aka fara cewa shiri ne. Me ya sa bai zo ranar Lahadi ba, sai Juma'a? Wa ya gaya masa lokacin? Mutanen da suka shekara suna cin abinci a kwano ɗaya suka raba benci. Ni ban faɗa da bakina ba, amma kwana uku ina shiga in wuce Ishaya ban kalli wajensa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa wanda zan ɗora wa sai shi.

Ranar Asabar bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gidanmu a kan kekensa. Bai taɓa zuwa ba, tambaya ya yi ta yi har ya gano. Na shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa, bai sha ba.

Ya ce, "Liman, ni ne na jawo maka."

Na ce, "Ba wanda ya ce haka."

Ya ce, "Ba ka ce ba, amma kwana uku ba ka zage ni ba, na san akwai magana." Ya ci gaba da cewa, "Na je wurin mutanen ƙungiyar ma'aikata. Na ce su gaya wa Mai Agogo, tunda ya ce mutum ɗaya ya isa, a ba ni goma sha shidan tun bakwai na safe har uku, ranar da ba Juma'a ba. Kai ka zauna a benci. In an tashi a kai yadin wurin Madam."

Na ce, "Ya yarda?"

"Ya yarda. Har ya ce in na iya zai sa a ba ni hedman, in zama shugaban masu saƙa."

Na dube shi. Na san abin da kowa zai ce masa, ni ma na faɗa. Na ce, "To, sai ka ɗan sassauta hannu, ka bar biyu-uku su tsaya."

Ya girgiza kai. Ya ce, "A'a. Yaron nan ba wawa ba ne, ya ga yadda nake aiki. In na yi wasa zai gane, shi ke nan mun zama maƙaryata, ku shida kun tafi, ba mai sake sauraron mu. Kuma ni ban iya ɓata yadi da gangan ba, hannuna ba zai yarda ba. Zan yi iyakar ƙarfina."

Na ce, "In kuma ka iya fa?"

Ya ce, "To, ka ga ya yi gaskiya ke nan."

Na so in jefe shi da kofin ruwan. Ku duba fa, abincin gidana ya koma rataye a kan cewa gwanin da ya fi kowa zai yi iyakar ƙoƙarinsa ya kasa. Kuma wallahi ban tabbata zai kasa ba.

Ranar Talata aka yi. Muka karɓi injuna daga hannun 'yan dutin dare yadda suke, ba shiri, kamar kowace safiya. Aka ajiye mini benci a bakin layi, irin wanda na koyi ƙulli a kansa. Mai Agogo ya tsaya gefe da allonsa. Jiniya ta busa.

Awa ta farko ba abin da ya faru. Ishaya yana yawonsa, nan ya ƙulla, can ya zuba kwarkwaro. Awa ta biyu ma haka. Mai Agogo yana rubutu yana gyaɗa kai. Ni kuwa ina zaune, zuciyata ta rabu biyu. Rabi tana cewa wayyo aikina, rabi tana cewa kai, dubi yadda mutumin nan yake aiki! Ban taɓa zama na kalle shi ba sai ranar, kullum ina fama da nawa.

Wajen ƙarfe goma batir suka fara ƙarewa, ba ɗaya-ɗaya ba, uku-uku. Yana cika na wannan ƙarshen, na wancan ya tsaya. A karon farko na ga Ishaya yana gudu. Da ya koma cika batir sai ya daina zagaya baya, da ya daina zagaya baya sai zare ya fara tsinkewa. Ƙura ta taru a kan ƙarafa ba mai gogewa. Daga inda nake zaune na hango injina na uku yana saƙa layi, zare ya tsinke bai tsaya ba. Na miƙe ban sani ba, ƙugiya har ta fito daga aljihu. Wakilin ƙungiya ya danna kafaɗata na koma na zauna. Ina kallo yadi ya yi ta naɗewa da aibi a jikinsa, kamu ɗaya, kamu biyu. Wannan ne abin da nake so ya faru, amma da na gani sai na ji kamar ana yanka ni.

Da aka busa hutun cin abinci bai fita ba, ya tsaya yana cika batir. Bayan azahar ƙoshiya ta maƙale a tsakiyar zare a ɗaya daga cikin nasa, ta tsinka zare fiye da ɗari a bugu ɗaya. Gyaran wannan kaɗai aikin awa guda ne. Ya kalle shi, ya bar shi, ya ruga wurin sauran. Kafin ƙarfe biyu injuna bakwai suna tsaye, ƙarar ɗakin ma ta canza. Rigarsa kamar an tsamo ta daga kogi, ƙulli ɗaya ma sai ya yi shi sau biyu. Amma bai zauna ba, bai kuma daina ba, har jiniyar ƙarfe uku.

Muka ɗunguma ɗakin duba yadi. Madam Laraba ta shimfiɗa na farko a kan tebur mai fitila, ta ja, ta ja, ta tsaya. Ta ɗauki jan alli, ta kalli lambar da ke bakin yadin, ta kalli Ishaya. Ya ce, "Madam, ki zana, aikinki ne." Ta zana. Ta yi ta zanawa har allin ya gutsure ta ɗauko wani. Da ta gama ta sauke tabarau, amma ba shi ta kalla ba, Mai Agogo ta kalla. Ta ce, "Injiniya, wannan ɗin za ka saya wa matarka?"

Yaron nan, in faɗi gaskiya, yana da kirki. Bai yi gardama ba. Ya dai tsaya yana juya takardunsa, ya ce, "Amma ranar Juma'a da idona na gani. Minti arba'in, mutum ɗaya."

Ishaya yana zaune a kan bandir yana haki. Ya ce, "Oga, ranar Juma'a mu biyu ne. Haladu yana masallaci, amma aikinsa yana cikin injin. Ka zo Juma'ar nan da ƙarfe goma sha ɗaya, kada ka zo ɗaya da rabi."

Ya zo kuwa. Ya bi ni da agogonsa ina cika batir, ina goge ƙarafa, ina shafa zare, yana tambaya ina amsawa da hannu. Ranar Lahadi ma ya zo, ba farar riga, ya ga Ishaya yana yi mini irin shirin tun kafin bakwai. Daga nan ya zauna da mutanen ƙungiya da Baba Tanimu, kwana da kwanaki. Tunda an buɗe maganar, sai muka zazzage masa duka, har da goron foman.

Abin da ya fito shi ne allon duti na farko da na taɓa gani an yi shi don mutane. Ana manna shi mako biyu kafin lokaci. Kowa yana juyawa bi da bi, ba ɗan gida ba bare. Ba a tashin mutum daga wani duti a dawo da shi a rana ɗaya. Mutum biyu suna iya musayar rana in sun sanar tun da wuri. Riƙo kuma ya shiga takarda da sunansa na Hausa, haka aka rubuta shi a tsakiyar Turanci. Sharaɗinsa ɗaya ne: duk mai fita sai abokin riƙonsa ya sa hannu a allo a farkon mako. In ba sa hannu ka fita, ka bar bakin aiki, kuma hukuncinsa sallama. Aka janye takardarmu mu shida. Mutanen wasu masaƙu har zuwa suke su kwafi allon nan, ina tsaye ina nuna musu da yatsa kamar ni na rubuta. Ina alfahari da shi har gobe.

Kada ku ɗauka shekarar ta yi sauƙi saboda haka. Audugar ba ta dawo ba. An rufe dutin dare, mutane da dama sun tafi, cikinsu har da Baba Tanimu, wanda ya ce a sa sunansa a bar mai ƙananan yara. Ishaya bai samu hedman ba, wani aka ba. Bayan wata biyu kuma aka sanar cewa an daina aikin Lahadi gaba ɗaya.

Sai da na isa gida na gane abin da wannan yake nufi. Ishaya ba ya bukatar riƙo kuma. Cocinsa zai tafi da iyalinsa hankali kwance. Ni kuwa Juma'a tana nan, yanzu ma mako ɗaya cikin biyu nake dutin safe, kuma ba ni fita sai da sa hannunsa. Zai ɗauki goma sha shida, da lambarsa a kan duk aibin da ya fito, ba abin da zan iya yi masa a madadi. Wasu abokan riƙon sun janye a makon, kuma ban ga laifinsu ba. Wani abokina ya koma yin azahar a bayan inji.

Ranar Litinin na zo da wuri na tsaya a gaban allo. Na shirya maganar da zan yi masa, cewa ba dole, na gode da na baya. Sai na ga ya riga ni, ya sa hannu a gefen sunana, da wannan rubutun nasa mai kama da tafiyar kaza. Na same shi a layi yana goge ƙugiya, injuna ba su tashi ba tukuna.

Na ce, "Fasto, ka san fa ba Lahadi yanzu. Ba ni da abin da zan riƙe maka."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Na sani."

Na ce, "To, don me?"

Ya ce, "Liman, ka cika surutu da safe. Ka dai riƙa duba lamba shida kafin ka fita, kullum sai ka bar mini batir ɗinsa rabi."

Ƙarya yake yi, ban taɓa barin sa rabi ba. Shekara biyar ya yi yana sa hannun nan, har ranar da aka kashe injunan layinmu.